Ranar da kwalbar ruwan rijiyarmu ta koma baƙa

Na jima ina son rubuta wannan abin, kullum sai wata hidima ta ɗauke min hankali, toh jiya da daddare bayan mun tashi daga mitin ɗin ƙungiya na ce yau kam ko babu wuta sai na zauna na rubuta shi a waya tun ban manta yadda abubuwan suka faru ba.

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Rigasa ta Kaduna, kuma saboda littafin ƙungiya yana hannuna duk ɗalibin da ya zo da takarda daga makaranta yana neman izinin bincike, mai unguwa wajena yake turo shi. Wallahi na raka ɗalibai da yawa. Wasu daga jami'a, wasu daga foli, wasu daga makarantun koyon aikin lafiya. Kowa da fom ɗinsa, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne: ina kuke samun ruwan sha, mutum nawa ne a gidan nan, masai ɗinku wane iri ne, nawa kake samu a wata, yaro nawa ya yi gudawa a wata ukun da suka wuce. Mata su bar tukunya a kan wuta su zo bakin ƙofa su amsa, magidanci ya fasa fita kasuwa da wuri ya zauna a zaure ya amsa, a ɗauki hoton kwatarmu da bolarmu, a yi godiya, shikenan. Ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba.

Akwai wata tsohuwa a layinmu, duk yaran unguwa Iya muke ce mata. Ranar da na kai mata wata ɗaliba ta uku ko ta huɗu a shekara ɗaya, sai ta dube ni ta ce "Ɗan nan, wai ina amsar waccan takardar ta bara? An ce za a duba ruwanmu, an duba ɗin? Mai kyau ne ko marar kyau?" Na tsaya ban da abin cewa. Kunya ta kama ni sosai don ni na kawo su, ni na ce mata ta saki jiki ta faɗa musu komai. Abin da ke ranta na sani, gani take an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ba wai ina zargin ɗaliban ba ne. Ni ma na yi firojet, na san yadda ake, sufabaiza yana jira, kuɗin buga takarda da ɗauri ya ƙare, lokacin difens ya matso, kai dai burinka a sa hannu ka wuce. Malamin kuma ƙarin girmansa yana rataye ne da yawan takardun da ya buga a mujallun ilimi, da Turanci, galibi mujallun da ba wanda zai taɓa gani a unguwarmu. Ba wani maki da ake ba shi don ya dawo Rigasa ya tara mutane ya yi musu bayani da Hausa. Tsarin ne a haka, shi ya sa kofi ɗaya na binciken yake ƙarewa a kan kantar littattafai yana shan ƙura, mu kuma da muka ba da amsoshin muna nan da rijiyarmu yadda take.

Kuma ya kamata duk mai zuwa bincike a Arewa ya san cewa tsoron da mutane suke yi ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, yara 11 suka rasu a cikin gwajin, aka yi ta shari'a shekara da shekaru a kan ko iyayen sun san abin da ake yi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa a 2003 aka ƙaurace wa rigakafin foliyo a wasu jihohinmu. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Kuma abin da ya gyara lamarin daga baya ai ba ƙarin takardu ba ne, sai da aka koma wajen sarakuna da masu unguwanni da malamai da matan unguwa masu shiga gida gida, har Allah ya sa a watan Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji.

Toh yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki waya.

A daminar 2021 amai da gudawa ya yi ɓarna a ƙasar nan, alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,500 suka rasu. Mu ma unguwarmu hankali ya tashi, kowane kemis ka leƙa akwai mai sayen gishiri da suga na ORS. Bayan abin ya lafa sai wata yarinyar unguwarmu da ke karatun ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta ta kawo malamarta wajen mai unguwa. Ni da na ji an ce wata lakcara ta zo sai na ce a raina ga wani fom ɗin kuma. Amma wannan baiwar Allah ba ta zo da fom ba. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma ta gaishe da mai unguwa yadda ya kamata, ta ce "Ranka ya daɗe, ni niyyata in duba fiya wata da ake sayarwa a nan, amma kafin nan ina so in ji, ku a ganinku wane ruwa ne ya fi damunku?"

Mai unguwa ya ce a kira mata. Aka tara su a makarantar Islamiyya bayan la'asar, kuma nan take suka juya mata binciken gaba ɗaya. Suka ce Malama wa yake da kuɗin shan fiya wata kullum da yara takwas? Mu rijiya muke sha, in rani ya yi ta ƙafe mu sayi na 'yan garuwa, in kina son taimakonmu can za ki duba. Ta rubuta, ta ce toh an canza, rijiya da jarka za a duba.

Sai na yi ƙarfin hali na faɗa mata maganar Iya. Na ce Malama ki yi haƙuri amma an sha zuwa, ba a taɓa dawowa ba. Ba ta ji haushi ba, ta ce mu rubuta sharuɗɗanmu. A daren muka zauna mu biyar muka rubuta shafi ɗaya da Hausa: sakamako zai fara zuwa unguwa kafin ya je ko'ina, ba za a ambaci sunan gidan kowa a bainar jama'a ba, gidan da matansa suke cikin kulle, ɗalibai mata ne kawai za su shiga, kuma samarinmu biyu da 'yan mata biyu za su bi su a koya musu yadda ake yi. Ta sa hannu, mai unguwa ya sa hannu, na ajiye kofi a littafin ƙungiya, har yau yana nan.

Ranar ɗaukar ruwa tun bayan asuba suka iso da kula cike da ƙanƙara da ƙananan kwalabe a rufe. Na ga yadda take hana kowa taɓa bakin kwalba, ko cikin murfin, ta ce hannunka kaɗai ya isa ya ɓata gwajin. Ta ce a ja ruwan da gugan gidan, wanda ake amfani da shi kullum, kar a kawo sabo don a burge ta. A kowane gida ana ɗiban na rijiya, a ɗibi na randa ko bokitin da ake sha, sannan yaranmu su auna taku nawa ne daga bakin rijiya zuwa masai ko sokawe, har da na maƙwabci ta bayan katanga, don ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Wani gidan taku bakwai muka ƙirga. Wani ma bai kai ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wasu kwalabe na daban da ta zo da su, kowace da 'yar takarda a ciki mai ɗauke da sinadari. Ta ce waɗannan ba za ta tafi da su lab ba, a nan za a bar su. Aka zuba ruwa aka rufe aka manna lamba maimakon sunan gida, aka jera su a cikin kabad ɗin ofishin Islamiyya, makulli a hannun shugaban makaranta. Ta ce bayan kwana biyu ku buɗe da kanku, ruwan da ya koma baƙi alama ce akwai ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida a cikinsa, domin su ne suke fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita kuma in ta haɗu da sinadarin ƙarfen da ke takardar sai ta yi baƙi.

Bayan kwana biyu muka buɗe kabad. Wallahi ba zan manta ba. Ruwan da muka zuba garau kaman hawaye, wasu kwalaben sun koma baƙi ƙirin kaman an jiƙa tawadar allo, wasu sun yi toka toka, wasu kuma suna nan fes. Na duba lambar gidanmu a takardar da ke aljihuna, tamu tana cikin baƙaƙen. Rijiyar da babana ya haƙa, wadda na sha tun ina yaro, wadda 'ya'yana suke sha. Na fita waje na tsaya jikin bango na ɗan jima kafin na dawo.

Malama ta zo da yamma ta yi bayani a tsakar makaranta, maza a gefe mata a gefe, da Hausa tsantsa, inda kalma ta ƙi sai ɗalibarta ta taimaka. Ta ce wannan gwajin na farko ne, ishara yake yi, wanda suka kai lab shi zai tabbatar, can ake neman wata ƙwaya mai suna E. coli, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Na ji daɗin yadda ba ta tsorata mutane ba kuma ba ta ɓoye komai ba. Iya ta ɗaga hannu ta ce "'Yar nan, toh mu da muka sha shekara arba'in ba mu mutu ba fa?" Malama ta ce "Iya, babba jikinsa ya saba yana iya jurewa, amma jikanki na goye ba shi da wannan ƙarfin, gudawar kwana biyu tana iya zuƙe shi." Iya ta yi shiru ta gyaɗa kai, don ta san yaran da ake nufi, duk mun san su.

Da sakamakon lab ya fito ta dawo kaman yadda ta yi alkawari, kuma a nan aka ga abin da ba wanda ya zata. Ruwan bohol ɗin da 'yan garuwa suke ɗiba, a bakin famfo lafiya lau yake. Sai ya shiga jarka, ya shiga randa, aka tsoma moɗa da hannu, sannan yake lalacewa. Wato ko gidan da yake kashe kuɗi yana sayen ruwan bohol yana ganin ya tsira, bai tsira ba.

Nan fa aka kusa samun matsala, don maganar ta fara yawo cewa 'yan garuwa ne suke kawo cuta, su kuma bayin Allah ne da suka baro garuruwansu suna tura kura a rana don abin da za su aika gida. Da jami'a ce kaɗai take aikin da an rubuta shi a takarda an wuce, su kuma a bar su da baƙin jini. Amma da yake mu muka san su, sai shugaban ƙungiyarmu ya je har inda suke kwana ya zauna da babbansu, aka gayyace su, aka yanka wata tsohuwar jarka biyu a gabansu, cikinta duk gansakuka kore shar, santsi kaman kuɓewa. Babban nasu ya ce shi bai taɓa ganin cikin jarka ba tunda ya fara sana'ar, ta ina zai gani, bakin ƙarami ne. Aka tsayar da ranar wanke jarkoki a bakin bohol da ruwan kulorin, ƙungiya ta ɗauki nauyin sayen maganin.

Sannan akwai wani dattijo mai haƙar rijiya, yawancin rijiyoyin layukanmu shi ya haƙa su ko shi ya yi yasarsu. Malama tana mamakin wasu gidaje da masai ɗinsu yake nesa amma ruwansu ya fi na kowa lalacewa, lissafinta ya ƙi fita. Shi ne ya ce mata "Hajiya, ai nan wajen da kududdufi ne, da shara aka cike shi aka yanka filaye, ni na san inda na haƙa na tarar da leda da tsumma a gaba biyu." Ya ɗauki kara ya zana mata a ƙasa inda tsohon kududdufin ya fara da inda ya ƙare da inda ruwa yake gangarawa da damina. Ta durƙusa ta ɗauki hoton zanen da wayarta. Babu taswirar da take da wannan, a kan wannan tsohon kaɗai yake, kuma da fom aka kawo masa mai eh ko a'a da har abada ba zai fito ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ita ma ta zo da abin da mu ba za mu taɓa gani da ido ba ko mun shekara muna leƙa rijiya.

Ba komai ne ya gyaru ba, kar in yi muku ƙarya. Shawarar da ake bayarwa ita ce masai ya yi nisan kamar mita 30 daga rijiya, toh a unguwar da aka raba fili ɗaya gida uku ina za ka samo mita 30? Abin da muka iya shi ne gina bakin rijiya ya ɗago, a yi daɓen siminti a kewaye, a sa murfi, guga ɗaya a rataye shi kar ya taɓa ƙasa, ruwan sha kuma a sa masa kulorin a jira minti 30 ko a tafasa, a daina tsoma moɗa, a koma bokiti mai famfo. Wani mai gidan haya ya ce shi ba wanda zai gaya masa rijiyarsa ba ta da kyau, 'yan hayarsa suna nan suna fama, har yanzu muna lallaɓa shi ta hannun limamin masallacinsu. Kuma zagaye na biyu da aka shirya yi da damina don a kwatanta bai yiwu a kan lokaci ba, yajin aikin jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai duk sun watse, daminar ta wuce.

Abin da yake ci min rai shi ne jihar nan ba ta rasa masana ba. Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, tana Zariya tun 1962, cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru ta ma girme ta, tun 1922 aka fara aikin a can. Ga NAERLS mai kai wa manoma sakamakon bincike, ga NAPRI mai binciken kiwon dabbobi a Shika, ga jami'ar jihar Kaduna KASU da aka kafa a 2004, ga Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, ga cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando, nan kusa da mu. Ilimin yana bakin ƙofa, hanyar da zai shigo zaure ce ba a share ba.

Kuma mutanen aikin gona sun daɗe da gane wannan. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, irin su SAMMAZ na masara da SAMNUT na gyaɗa da SAMPEA na wake, Samaru ake nufi, kuma manomi ba ya karɓar iri don an rubuta a takarda, sai ya ga gonar gwaji a bakin hanya, kunya ɗaya sabon iri kunya ɗaya nasa na gado, ya jira kaka ya gani. Haka buhun PICS na ajiyar wake, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi. Ba lacca aka yi wa mutane ba, a ƙauye ake zuba wake a ɗaure a gaban kowa, bayan watanni a sake tara jama'a a kwance, kowa ya sa hannu ya ga babu ƙwaro kuma ba a zuba magani ba, iskar da ƙwaron zai shaƙa ce kawai aka toshe. Kawuna da ke noma a wajen Giwa a irin wannan taron ya yarda, ya daina zuba wa wakensa guba. Ranar da muka buɗe kabad ɗin Islamiyya shi na tuna. Har 'yan sashen wasan kwaikwayo na ABU tun a shekarun 1970 suke fita ƙauyukan kewayen Samaru irin su Bomo, su zauna da mutane su ji damuwarsu, a shirya wasa tare a kan matsalar a yi shi a dandali. Ashe hanyar tsohuwa ce a jihar nan, yawaita ta ne ba a yi ba.

Mu ma 'yan unguwa sai mun gyara namu. Na sha ganin mutum yana ba ɗalibi amsar ƙarya don yana zaton sunayen tallafi ake rubutawa, mai yara huɗu ya ce goma, mai aiki ya ce ba shi da komai, toh wane sakamako za a samu daga wannan? Wasu ƙungiyoyin kuma sai lokacin zaɓe suke farfaɗowa, ba rajista ba littafi ba wanda za a kira. In malami ya zo da niyya mai kyau wa zai kama? A ɗaya ɓangaren kuma duk malamin da ya samu kuɗin bincike, ko daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko daga waje, dan Allah ya ware wani abu tun a kasafi don yaran unguwar da za su bar sana'arsu su bi shi kwana da kwanaki, da kuɗin fassara sakamako zuwa Hausa, da kuɗin motar dawowa. Malamarmu daga aljihunta ta yi wannan, kuma bai kamata sai mai irin zuciyarta kaɗai zai iya ba.

Takardar sakamakon da ta kawo shafi biyu ce da Hausa, kowane gida an ba shi tasa a ninke da lambarsa. Ni na kai wa Iya tata, jikarta ta karanta mata, ta sa aka ajiye a ƙarƙashin katifa tare da katin asibiti.

A mitin ɗin jiya mun yanke cewa ba za mu ƙara zama jiran wanda zai zo da tambayarsa ba. Mun rubuta namu guda uku: hayaƙin bolar da ake ƙonawa kusa da firamare da tarin da yara suke yi da hunturu, kwatar da take cika ta shiga gidaje duk watan Agusta ko akwai hanyar da za a karkatar da ita ba tare da an rushe gidan kowa ba, sai kuma maimaita gwajin rijiyoyin da aka gyara don mu san ko kuɗin simintin da muka kashe ya yi amfani. Yaranmu huɗu da aka koya wa ɗaukar ruwa suna nan, biyu a cikinsu har sun iya cike takardar lab. Mai unguwa ya buga hatimi a wasiƙun da safen nan, ranar Litinin in Allah ya kai mu ni da ma'aji za mu kai su manyan makarantun nan da hannu, sashe sashe, tare da kofin shafin sharuɗɗanmu a manne a bayan kowace.